Daga Downton zuwa Mafara: abubuwan mamaki a wasannin Turawan da

Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu tura fim a waya a Talata Mafara ya san abin da ke tafiya: fassarar Indiya, Ertugrul da 'yan uwansa na Turkiyya, sai Labarina da sauran na gida. Wasannin Turawan Ingila na zamanin da, waɗanda ake sa doguwar riga da malafa ana shan shayi ana magana ƙasa-ƙasa, masu nemansu kaɗan ne. In ka samu, ɗalibin kwalejin Abdu Gusau ne, ko malamin makaranta mai son goge Turancinsa. Amma duk wanda ya daure ya wuce kashi biyu na farko, sai ya ji kamar ya san gidan. Rigimar gado ce, da neman wa 'ya'ya mata miji na gari, da baran da ya fi ubangidansa kishin gida, da tsohuwa mai baki wadda kowa ke shakka. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yawan zaren da ya haɗa waɗannan labarai da ƙasarmu, alhali masu shirya su ko waiwayowa nan ba su yi.

Gadon da alƙalin Bakura zai raba kafin azahar

Downton Abbey, wanda tashar ITV ta nuna daga 2010 zuwa 2015, a kan matsala ɗaya aka gina shi. Mai gidan, Lord Grantham, 'ya'yansa uku ne kuma duka mata. Dokar gidan ta ce sarauta da gida da gonaki namiji kaɗai ke gado. Magadan biyu sun nutse a jirgin Titanic a Afrilun 1912, sai aka lalubo wani lauya a Manchester, ɗan uwa na nesa da ba su taɓa sani ba, aka ce komai nasa ne. Zango shida aka yi ana jan wannan magana.

A kai ta gaban alƙali a Bakura a gani. 'Ya'ya mata uku su raba biyu cikin uku. Matarsa ta ɗauki tumuni, mahaifiyarsa tsohuwa Violet ta ɗauki sudusi. Ɗan abin da ya rage, ɗaya cikin ashirin da huɗu, na ƙanwarsa Rosamund ne, tunda shaƙiƙiya tana zama asaba in akwai 'ya'ya mata. Lauyan Manchester ko allura ba zai samu ba, wasan kuma ya ƙare a kashi na farko. A 2013 Birtaniya ta gyara dokar gadon sarautar ƙasa, 'ya mace ta daina komawa bayan ƙanenta namiji, amma yawancin sarautun gidajen manya har yau maza ke gadonsu. An kai ƙudurin gyara majalisa a shekarar, 'yan jarida suka laƙaba masa sunan Downton, bai kai ko'ina ba.

Amarya ce ke kawo kuɗin

Matar Lord Grantham Ba'amurkiya ce, kuma wasan bai ɓoye ba: don dukiyar ubanta ya aure ta, so daga baya ya zo. Haka aka yi ta yi a ƙarshen ƙarni na 19. Gidajen sarauta suna da suna, rufinsu na yoyo, attajiran Amurka kuma suna da kuɗi suna neman suna. Mahaifiyar Winston Churchill ma Ba'amurkiya ce. Ainihin gidan da aka ɗauki wasan, Highclere, kuɗin wata amarya mai suna Almina ne ya tallafe shi a 1895, fam 500,000 daga hannun attajiri Alfred de Rothschild. Uban da ke kukan tsadar kayan ɗaki da gara a Maradun ya san yana da abokan kuka tun da can.

Sauro ɗaya

Mijin Almina, mai sarautar Carnarvon na biyar, shi ya ɗauki nauyin Howard Carter har ya tono kabarin Fir'auna Tutankhamun a Masar a Nuwambar 1922. Bai cika wata shida ba bayan haka ya mutu a Alkahira. Sauro ne ya cije shi a kumatu, ya zo aski ya yanke wurin, ciwon ya ruɓe ya shiga jini. Jaridu suka ce la'anar Fir'auna ce, ko da yake Carter, wanda ya fi kowa shiga kabarin, sai 1939 ya rasu. Karnukan Lord Grantham na cikin wasa duk sunayen Masar ta da aka ba su saboda wannan tarihi.

Ƙasan gidan Highclere yanzu wurin baje kolin kayan Masar ne, don haka madafi da ɗakunan barori a wani ɗakin ɗaukar fim da ke Ealing, a Landan, aka gina su. Idan ka ga bara ya ɗauko tire daga madafi ya hau matakala ya ɓullo ɗakin cin abinci, tsakanin matakin ƙasa da na sama akwai tafiya kusan ta Mafara zuwa Gusau, kuma wani lokaci makonni ne tsakanin ɗaukar biyun.

Wasu rigunan matan tsofaffin kaya ne na ainihi tun shekarun 1920, ba sa jure wanki. 'Yan wasan da kansu sun faɗa cewa suna wari.

A 2014 aka saki hoton talla, Lord Grantham da 'yarsa suna tsaye cikin shigar alfarma, a bayansu kuwa ga gorar ruwa ta roba an manta da ita a kan kanta.

A kashi na farko an nuna bara yana goge jarida da dutsen guga, don tawada ta bushe kada ta ɓata wa maigida yatsu.

Su wa ke wanke kwanukan?

Ƙidayar 1911 ta samu barorin gida fiye da miliyan ɗaya a Ingila da Wales, yawancinsu mata. A wasu gidaje, in mai aiki ta yi kiciɓis da maigida a lungu, bango take fuskanta har ya wuce. Wasu iyayen gidan ba sa wahalar riƙe sunan sabon bara, sai su ɗora masa na wanda ya gada. A nan ne kamar ta rabu da tamu. Baran basarake a ƙasar Hausa yana zama a zaure a ci tuwo da shi, a yi masa aure, ɗansa ya tashi da 'ya'yan gida. Can kuwa ƙofar shigarsu daban, matakalarsu daban, kuma mai aikin da ta yi aure yawanci ta bar aiki ke nan.

A 1967 BBC ta fito da The Forsyte Saga, kashi 26, baƙi da fari. Da aka maimaita shi a daren Lahadi, coci-coci suka riƙa matsar da lokacin ibadar yamma saboda kujeru sun zama wayam, kuma mutum miliyan 18 suka kalli kashin ƙarshe. Limaman da ke faɗa da gidajen kallon ƙwallo a kan sallar Isha ba su suka fara ba. Wasu 'yan wasa mata biyu, Jean Marsh da Eileen Atkins, 'ya'yan talakawa, suka ji haushin yadda ake nuna manya cikin tsabta ba a nuna mai wanki da guga. Daga haushin nan aka samu Upstairs, Downstairs a 1971, kakan Downton.

Kamfanin Granada na Manchester, wanda ya yi Brideshead Revisited a 1981 da The Jewel in the Crown a 1984, yana da hannu a talabijin ta farko a Arewa. Da shi da EMI gwamnatin Sardauna ta haɗa gwiwa aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962.

Shekarar 1817

A Afrilunta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a Sakkwato. A Yulinta Jane Austen ta rasu a Ingila, matar da ba a gajiya da mayar da littattafanta fim. Har ta mutu ba a buga sunanta a bangon littafinta ba. Shekara 30 bayan haka 'yan matan gidan Brontë sai da suka ari sunayen maza kafin su fitar da nasu. A daidai wannan zamani Nana Asma'u 'yar Shehu tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa da sunanta, tana naɗa jajis tana tura su ƙauyuka su karantar da mata. Wasan Asma'u mai dogon zango har yau muna jira.

A Pride and Prejudice na BBC na 1995 akwai inda Colin Firth ya faɗa tafki ya fito da jiƙaƙƙiyar riga. Babu wannan a littafin Austen ko kaɗan. A Maris na 2024 an yi gwanjon rigar a kan fam 20,000, kusan naira miliyan 40 a canjin lokacin. Farar taguwa guda, ko aiki babu a wuyanta.

Baran da ya fi ubangidansa suna

Masu kallon Poldark sun san Truro, babban garin yankin Cornwall, ƙasar masu haƙar kuza da tagulla. A garin nan akwai dogon ginshiƙi da mutum-mutumi a samansa. Na Richard Lander ne, ɗan mai masauki, wanda ya zo ƙasar Hausa yana baran Kyaftin Hugh Clapperton. Clapperton ya fara zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya ratso Zamfara daga Kano. A zuwansa na biyu ciwo ya kwantar da shi a Sakkwato, ya mutu a Afrilun 1827, Lander ya yi jinyarsa, ya binne shi, ya kwashi takardunsa ya koma gida, shi kaɗai Baturen da ya tsira a ayarin. A 1830 ya dawo da ƙanensa John, suka bi Kwara a kwalekwale har inda ta shiga teku, tambayar da ta ci rayukan manyansa da dama.

Cikin tsarabar da Clapperton ya kawo wa Bello akwai littafin lissafi na Euclid da Larabci. Bello ya yi murna, ya ce dā ma gidansu akwai kwafi, gobara ce ta cinye shi. Na uku a tafiyar kuma Bahaushe ne, Abubakar wanda Turawa ke kira Pasko, da aka sayar bawa, aka 'yanto shi a teku, ya yi aiki a jiragen yaƙin Ingila, sannan ya dawo ƙasarsu yana tafinta. In marubucin BBC na neman labari, ga shi nan a kwance.

Shi Poldark, da aka nuno jarumin yana yankan ciyawa ba riga a 2015, manoman Ingila cewa suka yi bai iya riƙe lauje ba. Ramukan da ke rufta wa talaka don mai jari ya samu kuwa, mutumin Zamfara ba ya bukatar a fassara masa su, bayan gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙasar Anka da Bukkuyum a 2010.

Bahaushen da ya ga abin da idonsa

Dorugu yaro ne daga ƙasar Damagaram da aka kama bawa, aka 'yanta shi, ya bi Heinrich Barth har Tambutu, suka isa Landan a 1855. Ya zauna da wani ɗan mishan mai suna Schön, ya riƙa ba shi labarin rayuwarsa da Hausa ana rubutawa, har da yadda ya ga Turawa na zaman cin abincin dare da baƙi. Abin da muke kallo a waya yau, shi ya gan shi a zamanin Sarauniya Victoria, ya kuma bayyana shi da harshenmu. A Kano ya rasu a 1912, shekarar da labarin Downton ya fara.

Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila a 1921 a tafiyarsa ta aikin Hajji, ya gana da Sarki George na Biyar. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka je tare. Da Lord Grantham mutum ne na gaske, da ba mamaki sun haɗu da Dikko a filin sukuwa, don dukansu masu son doki ne.

Rigar soja

Lord Grantham tsohon soja ne, ya yi yaƙin Afirka ta Kudu, can ya san baransa Bates. Wasan bai faɗi inda sa'o'insa suka nufa bayan yaƙin ba. Wasunsu nan suka yo. A farkon 1903, a Kwatarkwashi, wani laftana mai suna Wallace Wright da 'yan sojoji ƙalilan suka tari rundunar Kano tana komowa daga Sakkwato. Nan Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi. Wright ya samu lambar Victoria Cross, wadda babu ta sama da ita a sojan Birtaniya, daga baya ya zama ɗan majalisa. Ranar 15 ga Maris Sakkwato ta faɗi. A 1906 aka shafe garin Satiru, aka kashe mutum wajen 2,000, har Churchill, yana ƙaramin minista a ofishin mulkin mallaka, ya rubuta rashin jin daɗinsa. Duk wannan ya faru shekara shida zuwa tara kafin a goge jaridar nan ta kashi na farko. Ina kallon wasan ina jin daɗinsa, amma duk sa'ad da aka fito da kaki mai lambobi a ƙirji, Kwatarkwashi ke faɗo mini.

Musulmi a gidajen manya

Baƙo ɗaya daga ƙasar Musulmi da ya kwana Downton, jami'in jakadancin Turkiyya, bai wayi gari ba, ya bar wa gidan abin kunya. Tarihi ya fi wasan daɗi. Lord Stanley na Alderley ya musulunta, ya zama Musulmi na farko a majalisar dattawan Birtaniya, ya rufe gidajen giyar da ke ƙasarsa, kuma da ya rasu a 1903 liman ne ya yi masa salla. Lord Headley ya bayyana musuluntarsa a 1913, ya yi Hajji a 1923. Lady Evelyn Cobbold, 'yar gidan sarauta a Scotland, ta sauke farali a 1933 tana da shekara 65, da izinin Sarki Abdul'aziz. A kan wani tudu a gandunta aka binne ta a 1963, tana fuskantar alƙibla.

Takabar shekara arba'in

Victoria da mijinta Albert auren zumunci ne, 'yar mace da ɗan namiji: mahaifiyarta da mahaifinsa uwa ɗaya uba ɗaya. Elizabeth ta Biyu da Philip su ma duka jinin Victoria ne. Da Albert ya mutu a 1861, Victoria ta sa baƙaƙen kaya har ta bi shi a 1901, kuma kullum barori na kai ruwan zafi ɗakinsa su jera masa tufafi kamar zai fito. Tamu takabar wata huɗu da kwana goma ce.

Wasan Victoria na ITV ya nuna wata yarinya baƙa a fada, wasu suka ɗauka ƙari ne. Gaskiya ce. Sarah Forbes Bonetta Bayarabiya ce da Sarki Gezo na Dahomey ya miƙa wa wani kyaftin ɗin Ingila a 1850, Sarauniya ta ɗauki nauyinta, ta girma ta auri wani attajirin Legas a 1862.

Mata shida da kyandir

Wolf Hall na 2015 labarin fadar Henry na Takwas ne, kuma da hasken kyandir aka ɗauki wuraren dare don ya yi kama da zamanin. Masu kallo suka yi ta ƙorafin duhu. Mu da wutar lantarki ta horar, ba mu ga abin ƙorafi ba. Henry ya auri mata shida ɗaya bayan ɗaya, tunda addininsa bai yarda da kishiya ba. Neman ɗa namiji ya sa ya ɓalle daga Paparoma a 1534, ya rabu da biyu, ya sa aka fille wa biyu kai. Ɗan da ya samu yana da shekara 15 ya mutu, 'yar da ya raina, Elizabeth ta Farko, ta yi shekara 44 a kan gado. Cikin manyan muƙaman fadarsa akwai mai kula da bayan-gidan sarki, kuma manya ke rububinsa, don babu mai samun kunnen sarki kamarsa. A zamanin Henry ne Kanta ya ƙwace Kabi daga hannun Songhai. Labarin baka na Zamfara kuma ya ce 'Yargoje ta yi mulki tun ƙarni na 14, wajen shekara 200 kafin Ingila ta naɗa sarauniya mai mulkin kanta a 1553.

Askin da ake gani a wani wasan kuma, Peaky Blinders, a kwashe gefe a bar sama, shi ne irin wanda Hisbar Kano ta sha kama samari a kansa. An ce 'yan daban Birmingham sun yi shi ne saboda ƙwarƙwata, kuma don kada a samu abin cafka a wurin faɗa. Su 'yan daban na gaskiya a shekarun 1890 suka yi tashe, wasan ya matso da su bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Rezar da ake cewa suna ɗinkawa a bakin hula, masana tarihin garin ba su yarda da ita ba.

Sarauniya da Sarkin Kudu

Wasan The Crown ya ba rawar da Elizabeth ta Biyu ta yi da Nkrumah a Ghana a 1961 muhimmanci, amma babu kashi ko ɗaya a kan zuwanta Najeriya a 1956, lokacin da sarakunan Arewa suka hallara Kaduna da dubban dawaki aka yi mata hawan daba. Kenyar da aka nuna a zango na farko a Afirka ta Kudu aka ɗauke ta. Da ta dawo Najeriya a Disambar 2003, an kai ta wata kasuwa a Karu, kusa da Abuja, wadda aka shirya don wasan kwaikwayon rediyo na BBC, da yawa cikin masu kasa kayan 'yan wasa ne. A 2022 kuma ɓarayi suka fasa motocin masu shirya The Crown a Yorkshire suka yi gaba da kayan ado na fam 150,000.

Mai son labarin yarima da ya daɗe yana jiran gado ba sai ya je wurin Charles ɗan Elizabeth ba. Muhammadu Maccido ya yi hakimci a Talata Mafara a shekarun 1950 da sarautar Sarkin Kudu. Da mahaifinsa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya rasu a 1988 bayan shekara 50 yana sarauta, an ambaci sunansa, sai gwamnatin soja ta ba Ibrahim Dasuki, Sakkwato ta rikice. A 1996 wata gwamnatin sojan ta tuɓe Dasuki ta naɗa shi. A Oktoban 2006 ya rasu a haɗarin jirgin sama a Abuja. Zango shida cur, ba sai an ƙara gishiri ba.

Fada ba makaɗi

Abin da Bazamfare zai fara lura da shi a waɗannan fadoji shi ne shiru. Babu maroƙi, babu mai kirari, sarki ya fito ba tambari. Abin da ya yi kusa shi ne mai busar sarewar Scotland da Victoria ta ɗauka a 1843, wanda har yau magajinsa ke busa minti 15 kowace safiya a ƙarƙashin tagar mai sarauta, sai mawaƙin ƙasa da bisa al'ada ake yi wa kyautar gangar giya. Ƙasar nan kuwa ita ce ta haifi Musa Ɗanƙwairo, wanda asalinsa ƙasar Bakura ne, gidansu makaɗan Sarkin Kayan Maradun, ya yi wa Sardauna waƙa ya kuma rayu har 1991. Ita ta haifi Sa'idu Faru, daga Faru ta ƙasar Maradun, makaɗin Sarkin Kudu Maccido. Mai son sanin yadda fadar da take, wa ke gaba da wa, wa aka yi wa zambo don ya nemi sarauta ya rasa, yana iya samun rabin tarihin a kaset ɗinsu.

Labaran da ke jiran kyamara

A 1891 Mafara ta yi wa Sakkwato tawaye, Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake kira Ɗanyen Kasko, ya murƙushe ta da ƙarfi. Wannan ɗaya.

Na biyu ya fi kusa, kuma akwai masu rai da suka gani. Kamfanin Impresit na Italiya ya gama madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978. Ruwa ya ci gonaki da garuruwa, aikin rani ya riƙe wasu gonakin shekaru ba shuka, diyya ta zo a karkace. Manoma suka tare hanyoyi suka tsayar da aiki. A Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a ƙauyukan. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, masu bincike da 'yan adawa suka ce ɗaruruwa. A Manchester, a 1819, sojan doki sun auka wa taron talakawa suka kashe ƙasa da mutum 20, kuma a 2018 Mike Leigh ya yi wa abin fim sukutum mai suna Peterloo. Bakolori ko gajeren wasa ba ta samu ba.

Bakura da Mafara da Maradun kowanne ya ba jihar Zamfara gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999, Abdul'aziz Yari na Mafara daga 2011, Bello Matawalle na Maradun daga 2019. A zamanin na farko aka ƙaddamar da shari'a aka rufe gidajen sinima. A zamanin na uku, a Satumbar 2021, aka yanke layukan waya aka hana cin kasuwannin mako saboda 'yan bindiga, wanda ke da fim a memori ya zama abin nema, tunda turawa daga waya zuwa waya ba ta bukatar sabis.

Turawa sun ɗan gwada labarinmu. Joyce Cary, wanda ya yi aikin mulki a Borgu, ya rubuta Mister Johnson a 1939, aka mayar da shi fim a 1990 a Toro ta jihar Bauci, da Pierce Brosnan tun bai zama James Bond ba. Littafin na cikin abin da ya fusata Chinua Achebe har ya ɗauki alƙalami. Namu na gida, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Fim ɗin ya ɓace shekaru da dama, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

BBC ma ta yi irin wannan sakaci. A shekarun 1960 da 1970 takan goge tsofaffin shirye-shirye don ta sake amfani da faifan, abubuwa da yawa suka salwanta. A 2013 aka sanar da cewa an gano kashi tara na wasan Doctor Who na 1967 da 1968, waɗanda Ingila kanta ta rasa. A wani ɗakin ajiya na gidan talabijin a Jos aka same su.